Takarda Ta Bakwai

"Shekara goma sha ɗaya tana riƙe da makullin nan, rana ɗaya ta zo ta shafe mata duka."

Auta ta ji maganar ne tana tsugune a bayan layin famfo, tana murɗa murfin jarka. Matar mai gyaran takalmi ce ta faɗa wa ta kusa da ita, ba da ƙarfi ba, ba ma da mugunta ba, kamar dai mai cewa yau an yi rana. Waccan ta ce, "Allah sarki," suka ɗauki bokitansu suka wuce. Wata biyar ke nan, amma ko wanke-wanke Auta take yi sai maganar ta dawo mata a kunne.

Wadda ake maganar a kanta uwarta ce. Duk unguwa ba mai kiranta da sunanta, Mai Makulli ake ce mata. Tun lokacin da matan unguwa suka yi tsayin daka aka haƙa burtsatse a bayan makarantar firamare, ita ke buɗe ɗakin inji safe da yamma, ita ke shirya layi, ita ke raba faɗa. In ta ƙwanƙwasa bututu da makulli ta kasa kunne, ta san ko tanki ya cika. Dokarta kuwa ɗaya ce, kuma tana rataye a saman ƙofar ɗakin inji: wani ƙwan lantarki mai ƙura. In ya yi fari tas, a kunna inji. In ya yi ja kamar garwashi, wuta ba ta da ƙarfi ke nan, ko wa ya zo kar a taɓa makunni.

Ranar da abin ya faru, naƙuda ce ta kama matar direban da ke makwabtaka da su, mijin yana kan hanya. Mama ta yafa mayafi a karkace, ta cilla wa Auta makullin daga bakin ƙofa.

"Ki duba ƙwan," ta ce, ta bi su asibiti.

Auta ta duba. Ja ne. Amma kwana biyu ba a kawo wuta ba, tanki ya bushe, layi ya kai har katangar makaranta. Mata suka yi ta ɗaga murya. "Ke 'yar nan, kunna mana!" "Ga wuta an kawo, kina tsaye kamar an dasa ki!" Auta kuwa irin mutanen nan ce da ko a mota aka taka mata ƙafa ita ce ke ba da haƙuri. Ta danna makunnin. Injin ya yi gurnani sau biyu, ya yi shiru, ƙaurin waya ya cika ɗakin.

Da Mama ta dawo, ta shiga ta shaƙi iskar ɗakin sau ɗaya, ta fito ta tsaya gaban mutane.

"Ni ce mai makulli. Mai tambaya ya tambaye ni."

A gida ba ta ce komai ba. Ba faɗa, ba harara. Kwana goma sha tara unguwa tana tsallaka babban titi da jarkoki kafin a gyara injin. Tun daga nan makullin ya koma ɗaure a bakin zaninta, bai ƙara zuwa hannun Auta ba. Ita ma Auta ba ta taɓa faɗa mata cewa ta ga ƙwan ya yi ja ba.

Tun da ta gama sakandare, a shagon buga takardu take aiki, wani ɗan ɗaki mai kwamfuta biyu da fanka mai ƙara. Ranar Laraba sakataren ƙungiyar unguwa, wani tsohon malamin makaranta, ya shigo da takarda a naɗe.

"Takardun yabo ne. Ranar Asabar za a karrama matan da suka yi wa unguwa hidima. Ki yi musu ado, amma kar ki cika furanni, ba katin biki ba ne."

Ta warware takardar. Ga ungozoma, ga malamar da ke koya wa manyan mata karatu, ga wadda ta tara mata suka yashe kwata kafin damina, ga sauran. A layi na bakwai ga sunan uwarta cikakke, an soke shi da biro sau biyu, har takardar ta kusa hujewa.

Tambaya ta zo mata har baki. Abin da ya fito shi ne, "To, Malam."

"Shida ne," ya ce, yana kallon fanka.

Ta buga shida. Da mai shagon ya fita salla, ta ɗauko wani kwali da gefensa ya ɗan lanƙwashe, wanda aka ce a yar, ta buga ta bakwai. Ta daɗe tana kallon sunan, sannan ta cusa ta cikin tsohon littafinta na makaranta ta saka a jaka. Ba ta san me za ta yi da ita ba. Kwana biyu tana cin abinci tare da Mama tana kasa haɗa ido da ita. Duk unguwa za ta taru a tafa wa mata shida, uwarta kuma tana can tana buɗe musu famfo, saboda yatsan Auta ɗaya.

Ranar Juma'a aka aike ta ta kai takardun wurin shugabar ƙungiyar mata. Shugaba tela ce, ƙatuwa, mai murya kamar lasifika. Auta ta same ta kan keken ɗinki da fil uku a baki.

"Sannu da aiki, Hajiya."

"Ajiye can, kar ki ɗora mini kan yadin mutane. Shida ne?"

"Shida ne."

Auta ba ta tafi ba. Ta tsaya tana murza igiyar jakarta, har Shugaba ta tsayar da keken ta cire fil ɗin daga baki.

"Ke kuma lafiya? Awo kike so?"

"Hajiya, ba Mama ba ce."

"Ba ita ce me ba? Ɗaga murya, ni kunnena keke ya cinye shi."

"Ba ita ta ƙona injin ba. Ni ce. Na ga ƙwan ya yi ja, na kunna. In saboda shi kuka soke sunanta, don Allah ku mayar. Ni in ana so in tsaya gaban mutane in faɗa, zan faɗa."

Ba ta taɓa yin magana mai tsawo haka a gaban babba ba.

Shugaba ta kalle ta, ta kalle ta, sai ta fashe da dariya har tana dukan teburin keke.

"Mu muka soke? Wa ya isa! Uwarki ce ta shigo mana taro ba gayyata, ta zare biro daga aljihun Malam, ta soke sunanta da hannunta. Wai unguwa ta kwana sha tara ba ruwa makulli yana jikinta, ba ta ga abin yabo ba. Bawan Allah har yau bai samu bironsa ba."

Shugaba ta share hawayen dariya, ta ci gaba.

"Maganar ke kika kunna kuwa, wa kike ba labari? Ina cikin layin ranar. Wadda ta ce kina tsaye kamar an dasa ki, wa kike tsammani?"

"Ke ce, Hajiya?"

"Ba ki gane muryata ba? Kaf unguwar nan akwai mai irinta? Zauna, 'yata, kar ki faɗo mini kan almakashi."

Auta ta zauna kan wani buhun ƙyallaye.

"Mun yi mata magana har mun gaji," Shugaba ta ce. "Kin san uwarki, in ta kafe sai dai a zagaye ta. Ni kuma na rasa wanda zan sa ya buga tata ba tare da Malam ya yi ta kawo mini dokar taro ba."

Auta ta zuge jakarta, ta ciro littafin, ta miƙa mata kwalin.

Shugaba ta karanta, ta ɗago. "Au! Dama shiru-shirun nan naki na munafunci ne?"

"Gefen ya ɗan lanƙwashe."

"Ga dutsen guga nan, me aka ajiye shi yake yi? Amma ba za ta zo taron ba, ko?"

"Ta ce ƙarfe huɗu take buɗe famfo, ku sha zamanku."

"To, madalla. Tunda ba za ta zo ba, mun san inda za mu same ta."

Ranar Asabar aka jera kujeru a filin makaranta. Malam ya yi jawabi mai tsawo, lasifika ta ɗauke sau uku. Aka kira mata shida ɗaya bayan ɗaya. Ungozoma ta karɓi tata ta ce rabin masu tafin nan ita ta fara yi musu wanka, don haka su ƙara ƙarfi. Auta tana can baya ta jingina da bishiya, tana jiyo ƙarar injin ruwa ta bayan katanga.

Malam yana shirin rufe taro Shugaba ta miƙe.

"Saura ɗaya. Kowa ta biyo ni."

Ta ɗauki wani busasshen bokiti daga ƙarƙashin kujerarta, mata suka bi ta da kwalliyarsu, suka zagaya katanga. Mama tana tsaye a bakin famfo, hannun riga a naɗe. Ta ga taron ya nufo ta, ko gezau.

"In ruwa kuka zo ɗiba ku bi layi. Kwalliya ba ta tsallake layi a nan."

Shugaba kuwa ta bi layin. Ta tsaya bayan wata tsohuwa mai jarka biyu, ta jira har aka zo kanta, ta dire bokitin. Mama ta kai hannu za ta murɗa famfo.

"Kar ki buɗe! Za ki jiƙa mana aiki."

Mama ta leƙa cikin bokitin. Takardar yabo ce kwance a ciki, ga sunanta cikakke.

"Na soke sunana," ta ce.

"Kin soke a takardar Malam. Wannan ba ta Malam ba ce."

"Kwana goma sha tara kuna tsallaka titi da jarka a ka."

"Mun sani, wuyanmu ne. Sauran shekara goma sha ɗayan fa, wa ya buɗe mana?" Shugaba ta juya ga mata. "Duk wadda ta yi ihun a kunna ranar nan, ta ɗaga hannu. Kar wadda ta yi mini ƙarya, ina wurin."

Ita ta fara ɗagawa. Hannaye suka biyo baya, ɗaya, uku, goma, wasu suna dariya, wasu suna sunkuyar da kai. Auta ta hango matar mai gyaran takalmi ta ɗaga nata har sama, awarwaronta yana zamewa.

"Kin gani? Da bakinmu muka ƙona injin. Ke kina can kina riƙe da hannun mai naƙuda. Ga yaron can a bayan uwarsa, har ya fara zama. Ɗauki takardarki, baiwar Allah, kina tsayar mana da layi."

Mama ta kalli matar direba da goyonta. Ta kalli hannayen da ke sama. Sannan idonta ya zagaya ya samo Auta a can ƙarshen taro, kamar dama ta san inda take.

"Hannuna a jiƙe yake," ta ce.

Ta goge shi a zani. Ta sake gogewa, ta goge har tsakanin yatsu, sannan ta sunkuya ta ɗauko takardar da hannu biyu. Tafi ya tashi. Tsohuwa mai jarka biyu ta ce in an gama a taimaka a ɗora mata kaya.

Rana ta yi sanyi kafin layin ya ƙare. Aka bar su su biyu. Mama ta ƙwanƙwasa bututu da makulli, ta saurara, ta shiga ta kashe inji. Ta jingina takardar a kan akwatin makunni, ta ja baya ta duba, ta ɗan gyara mata zama.

"Gefen nan an yi masa guga," ta ce.

"Eh."

"Hm."

Ta kwance makullin daga bakin zaninta ta miƙo ba tare da ta juyo ba. "Rufe ki same ni. Ƙafata ciwo take."

Makullin yana da ɗumi a tafin Auta. Ƙwan da ke saman ƙofa fari ne tas. Mama ta kai bakin ƙofa ke nan Auta ta kira ta, muryarta ba rawa.

"Mama."

"Na'am."

"Ranar nan, kin san na ga ƙwan ya yi ja kafin in kunna?"