Kujera a Kan Kurna

Ni direba ne, ban taɓa harbin ko kurciya ba. A unguwar Sa'alaba ta Jidda aka haife ni, kakana ne ya zo hajji bai koma ba, kuma iyakar dajin da na sani shi ne fegin da ke bayan gidan mai na unguwarmu. Duk abin da zan faɗa a kan farauta, a bakin Baba Muntaka na ji shi.

Maigidana Abdulelah yana da istiraha a wajen Jidda ta hanyar Usfan, irin gonar nan da masu hali ke zuwa hutu ranar Juma'a. Doguwar katanga, dabino kamar arba'in, ɗakin baƙi, sai barewa tara da ya saya don ado. Can ƙarshen filin akwai wata tsohuwar kurna. Baba Muntaka ne ke kiwon barewar. Mutumin Ningi ne, maharbi ɗan maharbi, ya zo umara shekara goma sha shida da suka wuce ya zauna. Ya yi ɗaukar kaya a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, har bayansa ya ce ya isa, sannan na kawo shi wurin maigida. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya fita ko ƙofar gona. Larabcinsa bai wuce yalla da halas ba, wato mu je da shi ke nan, don haka duk maganar da ke tsakaninsa da maigida ta bakina take bi.

A cikin barewar akwai wata da yake kira Auta. Uwarta ta mutu tana da kwana biyu, shi ya rene ta da kwalbar jarirai da madarar gari. Da ya buga gindin bokitin dusa, ita ce ke fara zuwa, ta cusa hanci a aljihunsa tana neman dabino. Na sha ce masa sabo turken wawa ne. Sai ya ce in je in duba tayar motata.

Wata Laraba maigida ya sa na ɗauko wani dogon kwali daga unguwar Bagdadiyya. Da muka buɗe a gona sai ga kujerar ƙarfe mai tsani, da igiyoyin ɗaure ta a jikin bishiya, fentinta kore sai ƙyalli yake. Yayan matarsa, Abdulghaffar, ya je wata ƙasa ya ga yadda suke harbin namun daji daga kan bishiya, ya dawo ba ya da wani zance. Nan da mako uku zai zo, kuma maigida ya yi masa alkawarin barewa.

Na fassara. Baba Muntaka ya shafa ƙarfen, ya shinshina hannunsa.

“Tambaye shi, wacce za a harba?”

“Ya ce barewa barewa ce, Baba. Wadda ta zo gaban bindiga.”

“To gaya masa akwai namijin nan, Dogo. Ya tsufa, yana soke ƙananan, ba ya yarda da mutum. Shi ne farauta. Ni zan kawo shi gindin kurna da ƙafarsa.”

Maigida ya ce ba damuwa. Amma baƙonsa ba zai koma hannu rabbana ba. In har rana ta kusa faɗuwa Dogo bai zo ba, a kawo bokiti. Mu ukun duk mun san wadda ke fara amsa bokiti, ba wanda ya kama sunanta.

Kwana uku Baba bai taɓa kujerar ba. Zama kawai yake yi a inuwar tankin ruwa yana kallon Dogo. Ya gano cewa kullum bayan la'asar namijin kan bar matan a cikin dabino, ya bi gefen katanga shi kaɗai ya je lasar gishiri. Sai Baba ya riƙa matsar da dutsen gishirin, yau taku biyar, gobe taku biyar, har ya kai shi inda harsashi daga kurna zai isa.

Ran da muka ɗora kujerar na sha wuya. Kurna ba ta da mutunci, ƙayarta ta yaga mini riga a wuri uku. Baba ya kwaɓa laka da toka da kashin barewa, ya shafe ƙarfen kaf har ƙyallin ya mutu. Ya yage tsohuwar rigarsa ya naɗe duk wata mahaɗa da ke ƙara. Tsanin ya sa shi ta bayan gindin bishiyar, ya jingina masa busassun ganyen dabino da suka daɗe a wurin. Ni kuwa don in nuna ina da amfani na ɗauko adda zan saro rassa a rufe kujerar.

“Ajiye,” in ji shi.

“Ba rufe ta za a yi ba?”

“Reshen da ka sara, kwana biyu ya yi yaushi, ganyensa ya juya baya. Kai ba za ka gani ba, Hashimu, kai ko raƙumi aka ɗaure a sama sai ya yi maka kashi a ka. Dogo kuwa zai gani.”

Rassan da ke raye ya riƙa tanƙwarowa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaure su da igiyar kaba, har suka yi wa kujerar rumfa, ya bar taga wadda ba ta fi faifai ba. Hannuwansa duk jini. Ban taɓa ganin mutumin nan yana aiki yana ƙunƙunin waƙa ba sai ranar.

Sannan ya cika buhu da ciyawa, ya sa masa riga, ya zaunar da shi a kujerar. Wai don Dogo ya saba da ganin duhun mutum a sama. Ranar farko namijin ya tsaya nesa, ya buga ƙafa, ya juya. Rana ta huɗu ya zo ya lasa sau biyu ya gudu. Zuwa kwana na tara ko kai ba ya ɗagawa. Baba ya tsayar da ni a wurin gishirin ya ce in nuna masa kujerar. Ni da na ɗaga ta da kafaɗata, na nuna wani reshe daban.

Saura kwana biyu ya ba ni saƙo uku in kai wa maigida. Kada baƙon ya sa farar riga. Kada mota ta wuce tankin ruwa. Kuma a yi haƙuri da turare na yini ɗaya.

Biyun farko maigida ya ce halas. Na ukun ya kalle ni kamar na ce a ba baƙon abinci a murfin tukunya.

“Yayan matata ya ci abinci a gidana ya tashi ba turare? Ya Hashim, Hajji Muntaka ya tsufa, amma kai fa?”

Wanda ya san Jidda ya san ba a sallamar baƙo daga kan tabarma sai kaskon turare ya zagaya. Da na koma na gaya wa Baba an karɓi saƙonsa. Ban ce duka ba, shi ma bai tambaya ba.

Ranar Juma'ar Abdulghaffar ya zo da kayan farauta masu ruwan ƙasa, sababbi fil, da bindiga a cikin akwati. Mutumin kirki ne, har ya ba Baba hannu. Aka ci shinkafa da rago, aka sha shayi. Sai maigida ya yi mini alama, na kawo kasko da itacen oud mai tsada yana hayaƙi. Ni na riƙe shi da hannuna. Abdulghaffar ya buɗe rigar farautar ya shigar da hayaƙin, ya turara gemunsa, ya turara hularsa, ya ce in sake zagayowa. Ya kuma ciro 'yar kwalba ya goga a wuyan hannu.

Baba yana bakin ƙofa yana jiran ya raka shi. Na ga hancinsa ya motsa. Bai kalle ni ba.

Ya kai baƙon gindin kurna ta bayan katanga, ya sauko da buhun, ya hau da baƙon, ya dawo wurinmu a tankin ruwa. Na ce masa a hankali, ai ya ce iskar teku na kwashe wari ta yi gabas da shi.

“Warin mutum ɗaya take kwashewa,” in ji shi. “Wannan kuwa shagon turare aka ɗora a kan kurna.”

Bayan la'asar Dogo ya fito yadda ya saba, ya bi gefen katanga. Sai iskar ta kwanta, kamar yadda takan yi wani lokaci in rana ta karkata. Saura taku sittin ya kai gishirin ya tsaya. Ya ɗaga hanci. Ya yi atishawa sau ɗaya, ya juya a natse ya koma cikin dabino. Kujerar ko kallonta bai yi ba, don ba abin gani a wurin. Aikin mako uku ke nan.

Muka yi ta jira. Inuwar katanga ta miƙe har ta taɓa gishirin. Wayar maigida ta yi ƙara, baƙon ne daga kan bishiya, ƙafarsa ta yi sanyi. Maigida ya kashe wayar ya juyo.

“Ya Hajji, bokiti. Ajiye a wurin gishirin ka matsa gefe.”

Wannan ba sai na fassara ba.

Baba ya ɗauki bokitin ya shiga fili. Bai buga gindinsa ba, ya riƙe shi a ƙirji kada ya yi ƙara, amma Auta ta riga ta gan shi. Ta fito daga cikin dabino da 'yar sassarfarta, matan na biye da ita daga nesa. Ta iske shi daf da gishirin, ta cusa hanci a aljihunsa. Maigida ya ɗaga murya ya ce ya matsa.

Sai Baba ya ɗaga bokitin ya maka mata a fuska. Bakin ƙarfen ya same ta a hanci, dusa ta watse. Ta yi tsalle baya ta tsaya tana kallonsa, jini na ɗiga. Da a nan abin ya tsaya da na manta da shi tuni. Amma ta dawo. Ta matso a hankali, wuya a miƙe, ta nufi aljihun nan dai. Ya sunkuya ya ɗauki dutse ya jefe ta a haƙarƙari, ya daka mata tsawa irin wadda ban san yana da ita ba. Wannan karon ta gudu, sauran suka bi ta, suka shige bayan ɗakin baƙi inda ba mai hankalin da zai juya bindiga. Baba ya tsaya a tsakiyar fili, tsakanin kurna da dabino, har aka kira magariba.

Na ji tausayinsa, na kuma ji kunyar kaskon da na riƙe.

Maigida ya iso yana huci, yana tambayar abin da ya faru.

“Gaya masa da gangan na yi,” in ji Baba.

Na gaya wa maigida cewa barewar ce ta tunkuye shi a ciki, tsoho ne, ya firgita. Fassara ai aikina ce. Abdulghaffar ya sauko yana dariya, ya ce dama shi zaman ya fi burge shi. Ya sake hawa aka ɗauke shi hoto da bindiga, sai da aka janye rassa biyu kafin fuskarsa ta fito. Maigida ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwar Baba, amma bai kore shi ba, don ba kowa ne zai zauna a wannan zafin da dabbobi ba. Shi kuwa baƙon, na ji yanzu kamun kifi ya koma. Kujerar ba wanda ya ce a sauke ta.

Bayan kamar wata guda na kai buhunan dusa da yamma. Na duba ɗakin Baba ba ya nan, na duba tanki ba ya nan. Sai na hangi bokiti a gindin kurna, Auta na ci ita kaɗai, da tabo a hancinta. Ta ji takuna ta ɗaga kai, ta zura a guje. Sai da ta ɓace rassan suka motsa, Baba ya sauko ta tsanin a hankali saboda bayansa. Jikinsa duk toka.

“Har yanzu ba ta zuwa?” na tambaya.

“In ta hango ni ko daga ina ne, gudu take. Ta yi hankali.” Ya kakkaɓe gwiwarsa. “Amma daga can sama ina jin taunarta. Jiya har ta kwanta a ƙarƙashina.”

Muka sauke buhunan, ya sa hannu a aljihu ya ciro dabino biyu, ya dube su, ya jefa a bokitin. Da zan tafi ya ce in na sake zuwa da yamma in bar motar a wajen ƙofa, kuma kada in buga murfinta.