Tawul Mai Zafi

Ɗakin wankin otal ɗin a ƙasa yake, can ƙarƙashin kicin, babu taga, sai fanka guda da ke kwashe tururi daga wannan kusurwa ta kai waccan. A nan Tilo ta yi shekara shida tana guge zannuwan gadon baƙin da ba ta taɓa sa wa ido ba. Sunan daga gida ya biyo ta, don ita kaɗai uwarta ta haifa.

A kowane wata akwai kwana takwas da ba nata ba ne. Ciwo yakan riga al'adarta zuwa, ya kama mara kamar ana murɗa ta da waya, ya zagaya baya, ya gangara cinya. Dabara ɗaya ta sani. Sai ta ninka ƙaramin tawul gida huɗu, ta danna masa dutsen guga har ya yi zafin da tafin hannu ba ya jurewa, ta laɓe bayan tarin zannuwa ta ɗaure shi a mara ƙarƙashin rigar aiki. In ya huce ta sake.

Wata Talata tawul ɗin ya kasa. Tana cusa zane a bakin babban injin guga sai ɗakin ya juya mata, ta zube, hannunta saura taƙi guda ya bi zanen ciki.

Shugaban ɗakin, wanda suke kira Mai Makulli saboda tarin makullan da ke ƙugunsa, ba mugu ba ne. Tsoro ne ya kama shi.

"Wannan shi ne karo na uku," ya ce. "In injin nan ya cinye miki hannu, me zan ce wa na sama? Ki kawo min takardar likita da sunan ciwonki, in mai da ke teburin ninki, ki riƙa aiki a zaune. In babu takarda zuwa ƙarshen wata, ki yi haƙuri."

Sunan ciwo kuwa shi ne abin da Tilo ba ta da shi. Sau uku tana zuwa asibiti, sau uku ana sallamarta da ƙwayar ciwon kai da kalmar nan da ake yi wa mata kyauta, wato haƙuri.

Anti Tururi, wadda ta fi kowa daɗewa a ɗakin, ta zaunar da ita a kan kwandon kaya tana yi mata fifita da rigar matashin kai.

"Ke, in kin shiga wajen likitan me kike ce masa?"

"Yakan ce yaya jiki, in ce da sauƙi."

"Da sauƙi! To me kika je yi? Gaisuwa? 'Yar ƙanwata haka ta yi ta fama shekara goma, sai da ta sami wata likitar mata mai kunne. Zan karɓo miki kati. Amma wallahi in kika je kika yi mata murmushin nan naki, ni da kaina zan sa ki a injin."

Tilo ta yi dariya, dariyar ta ja mata mara, ta daina.

A gida Inna ba ta ga abin dariya ba. Tana kan keken ɗinkinta ta saurari labarin, ƙafarta ba ta tsaya ba.

"Wace mace ce ba ta ciwon mara? Ku 'yan yanzu komai sai an sa masa suna. Ki yi aure ki haihu, zai wuce. Haka aka san shi."

Wa ya san shi haka, ba a taɓa faɗa ba. Magana ce da ke yawo daga uwa zuwa 'ya ba mai tambayar inda aka samo ta.

Duk da haka ranar ganin likita Inna ta ce za ta bi ta, kada ta je ta kunyata su. Ta sa ta saka rigarta mai kyau, ta shafa hoda, ta sa kwalli. "Ba a fita da fuskar wahala," in ji ta. Tilo ta dubi madubi ta ga mace mai ƙoshin lafiya, ta san likita ma haka za ta gani.

Sun yi awa uku a benci kafin a kira su. Likitar 'yar siririya ce mai furfura a goshi, da alama ta gaji tun kafin su shigo. Ta dubi kati ta ce, "Yaya jikin?"

Tilo ta shirya amsa tun a mota. Amma Inna na gefenta, kuma bakin da aka horar shekara talatin ba ya canzawa a rana ɗaya.

"Da sauƙi," ta ce.

"Ciwon mata ne kawai, likita," Inna ta ƙara. "Raki ne da ita. Ni na ɓata ta, da yake ita kaɗai ce."

Tilo ta ga alƙalamin likitar ya nufi ƙaramar takardar nan ta rubuta magani. Ta san takardar. Ƙarshen wata saura kwana tara.

"Hau gadon in duba ki tukuna," likitar ta ce.

Da Tilo ta ɗaga rigar sai likitar ta tsaya. Daga cibiya zuwa ƙasa fatar ta yi baƙi-baƙi da zane kamar raga, wani wurin ya saɓe ya warke, wani wurin sabo ne.

"Wannan fa?"

"Tawul ne. Da dutsen guga nake ɗumama shi."

"Tun yaushe?"

"A wajen aiki shekara shida. Kafin nan kwalbar ruwan zafi."

"Ba ya ƙona ki?"

"Yana ƙonawa. Ƙunar ta fi sauƙi."

Likitar ta ja kujera ta zauna, ta ajiye alƙalami. "Mama, matso ki gani. Mai raki ba ta gasa kanta haka."

Inna ta matso. Rabon da ta ga cikin 'yarta tun tana yi mata wanka a baho. Ta daɗe tana kallo, har Tilo ta kai hannu za ta sauke riga. Sai Inna ta juya wa ƙofa baya, ta sassauta zanenta, ta ɗaga gefen rigarta kaɗan. Ragar na nan, ta dusashe ta shige cikin tamojin tsufa, amma ita ce.

"Ni da murfin tukunya nake yi," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "In naɗe shi a tsumma. Shekara talatin da ɗaya."

"Inna," Tilo ta ce, "ke kika ce haihuwa na raba mutum da shi."

"Haka aka ce min. Sai da na shekara goma sha ɗaya ina jiran ki. Kika zo, na yaye ki, ya dawo abinsa. Sai na ce wataƙila ni ce ban iya haƙuri ba."

A waje ana ta kiran lambar wani.

Inna ta gyara zanenta, ta zauna, ta fuskanci likitar. "Rubuta, 'yata. Ƙarya ta yi miki, ba sauƙi. Kwana takwas take yi. Biyun farko amai take, ko ruwa ba ya zama. In ta shiga banɗaki ina jin kukanta ta bango, in ƙara wa keke gudu don kada in ji." Daga nan Tilo ta karɓa, ta faɗi sauran da bakinta, har faɗuwar da ta yi gaban inji.

Likitar ta cika shafi. Ta ce tana kyautata zaton endometiriyosis ne: wani nama irin na shimfiɗar mahaifa kan tsiro a wajen mahaifar, ya riƙa kumbura yana jini duk wata ba hanyar fita. Sai an yi hoto, wataƙila ma a leƙa da 'yar kyamara, kafin a tabbatar. Ba ta yi alƙawarin warkewa ba. Ta ce akwai magungunan da ke kwantar da shi, akwai aiki in ya kama, kuma duk Alhamis masu irin ciwon sukan haɗu a ɗakin da ke ƙarshen baranda su yi hira. Sannan ta ɗauko babbar takarda mai hatimi.

Washegari Mai Makulli ya karanta takardar sau biyu, ya gwada furta sunan ya haƙura. Ya sa aka kawo kujera teburin ninki.

"Sannu, hajiyar ofis," Anti Tururi ta ce. "Mu talakawa ma tsaya."

Ciwon bai fasa zuwa ba a watan da ya biyo. Amma da safen ranar farko Tilo ta tarar da robar ruwan zafi a jakarta, cikin riga mai kauri ninki biyu, da maɗauri daidai ƙugunta. Ɗinkin Inna ne, ta gane shi daga lanƙwasar bakin.

Ranar Alhamis tana shirin fita ta ga Inna ta riga ta sa takalmi.

"Ina zuwa, Inna?"

"Wajen hirar nan taku. Ba a ce ban da tsofaffi ba, ko?"