Cokali Mai Fukafukai

Ranar Laraba aka miƙa Tsedey ga sababbin iyayenta. Ranar Juma'a aka aiko wa Mulunesh ta zo, wai yarinyar ta ƙi cin abinci, ga shi gobe da safe jirginsu zai tashi zuwa Norway.

Shekara biyu da rabi Mulunesh na rainon Tsedey a gidan marayu, tun yarinyar ba ta iya zama ba. Ta ja mayafinta ta tafi. A ƙofar otal ta tarar da Ato Dagnachew, jami'in ƙungiyar da ta haɗa abin. Ya taɓa zuwa kwas na sati biyu a Turai, ya dawo da wani ɗan littafi da tabarau da yake ratayawa a wuya. Ba wanda ya taɓa ganin tabaran a kan hancinsa.

"Saurara, Mulunesh," ya ce. "Ba ɗauka, ba goyo, ba ba da abinci. Yau ranar shaƙuwa ce. An yi bincike."

"To, ranka ya daɗe. Ni me zan yi?"

"Ki kasance."

"In kasance me?"

"Ki kasance kawai. Daga nesa."

Sai ta kasance a kujerar baya ta mota. A gaba sabuwar uwar, Ingrid, ta rungume Tsedey kamar an ba ta ajiyar tulu. An sa wa yarinyar farar riga mai ado a baki, irin ta ranar idi. Ta juyo ta ga Mulunesh, ba ta yi kuka ba, ba ta miƙo hannu ba. Kallo kawai. Leɓenta ya bushe.

Suka hau dutsen Entoto. Ato Dagnachew ya nuna musu Addis Ababa daga sama da hannu biyu, sai ka ce shi ya gina ta. Mata na gangarowa da dammunan itace a gadon baya, mijin Ingrid, Rolf, ya ɗauke su hoto, sannan ya ɗauki Ingrid da Tsedey da matan a bayansu. Ɗaya daga cikin matan ta dubi Mulunesh ta ce, "'Yar'uwa, ke ma sayen ki suka yi?"

"A'a, Inna. Ni aro ce."

Daga nan gidan tarihi. Shekara goma sha ɗaya Mulunesh na garin nan, ba ta taɓa shiga ba. Aka nuna musu ƙasusuwan wata tsohuwa cikin gilashi, aka ce kakar kowa da kowa ce. Ato Dagnachew ya yi wa Turawan bayani da yarensu, sannan ya maimaita mata don kar ta yi asara: ashe su da Tsedey dama can dangi ne. Rolf ya share hawaye. Mulunesh ta dubi ƙasusuwan, ta dubi wuyan Tsedey.

Da azahar aka kai su gidan abincin gargajiya, inda masu rawa shida ke karkaɗa kafaɗu saboda tebur uku. Aka kawo faifan injera, mai faɗi kamar sinasir, da miyar shiro ta garin wake, tunda Juma'a ce, Kiristocin ƙasar ba sa cin nama. Ingrid ba ta ko dube shi ba. Ta buɗe jaka ta fito da kwalbar wani abu ruwan ɗorawa da ta taho da shi daga ƙasarsu, da cokalin roba mai fukafukai irin na jirgin sama. Ta ɗebo, ta yi ta yawo da shi a iska tana kukan jirgi da baki. Tsedey ta datse baki. Idonta na kan hannun daman Mulunesh.

Yarinyar nan ba ta taɓa cin komai da cokali ba sai magani. A gidan marayu faifai ɗaya ake zagayewa, mai raino ta naɗa loma ta sa wa kowa a baki. Mulunesh ta san loma ɗaya daga hannunta ta isa, yarinya za ta cinye rabin faifan nan. To jibi fa? Hannunta ba shi da takardar tafiya.

Ingrid ta ajiye cokali. Kwana biyu ita ma ba ta ci abin kirki ba, a fuskarta ake gani.

Mulunesh ta wanke hannu, ta yagi injera, ta dangwali shiro, ta naɗa, ta kai bakin Ingrid.

"Buɗe."

"Ke!" in ji Ato Dagnachew. "Me na gaya miki?"

"Littafin ya ce kar in ba yarinya. Ya yi maganar uwa?"

Ya shiga buɗe shafuka. Kafin ya samo, Ingrid ta buɗe baki ta karɓa. Barkono ya kawo mata hawaye. Nan take Ato Dagnachew ya rufe littafi ya gyara murya, ya sanar da Rolf cewa wannan ita ce gursha, al'adar ƙauna mai shekaru dubbai, dama tana cikin shirin yau.

Mulunesh ta ƙara mata ta biyu, don ba a tsayawa a ɗaya. Sannan ta kama hannun Ingrid ta tsoma shi cikin faifan, ta lanƙwasa mata yatsu.

"Gaya mata ta yi lomar ƙarama. Ta gefen hagu, haƙorin dama na damun yarinyar. Kuma ta hura, ko da ba zafi, haka ta saba."

Ato Dagnachew ya faɗi kalma uku.

"Ranka ya daɗe, na yi magana da yawa, ka faɗi kaɗan."

"Na ce kina sa musu albarka."

Mulunesh ta rabu da shi. Ta rage lomar da kanta, ta ɗaga hannun Ingrid zuwa bakinta ta hura, ta nuna kuncin hagu. Ingrid ta hura ita ma. Lomar ta fito a karkace, miya na bin gwiwar hannu. Ta miƙa ta bakin Tsedey.

Tsedey ta dubi Mulunesh. Mulunesh ta juya tana kallon masu rawa. Ɗayansu ɗinkin rigarsa ya ɓalle a hammata, ta tsaya a kan wannan. Can ta ji ƙaramin sautin tauna a bayanta, ta gefen hagu.

Rolf ya yi tafi. Ato Dagnachew ya duba agogo, ya rubuta cewa tsarin ya yi aiki da ƙarfe biyu da minti goma. Aka ce a yi hoton iyali, aka roƙi Mulunesh ta ɗan matsa gefe. Ta matsa.

A shatale-talen kusa da gidan marayu aka sauke ta. Tsedey ta yi barci a kafaɗar Ingrid, da miya a farar rigar. Ingrid ta danƙa wa Mulunesh cokalin ta taga.

Gadon Tsedey har an sa wani yaro a ciki. Mulunesh ta jefa cokalin cikin gwangwanin garin sabulu, dama sun daɗe ba su da abin ɗiba. Sannan ta jiƙa zannuwan gado.