Motar Rakiya Ta Mutu

Da tsakar rana motar da ke bin Auta a baya ta mutu. Auta, wadda ke neman kafa tarihin tafiya mafi nisa a kan keke, ba ta waiwayo ba, ta sha kwana ta ɓace. Ruwan gorarta ya kusa ƙarewa, wayarta kuma tana cikin motar.

"Ƙishirwa za ta kayar min da 'ya," in ji mahaifiyarta daga cikin motar.

Kawunta, mai gyara mata keke, ya sauko da keken ko-ta-kwana, ya cusa gorunan ruwa a riga, ya hau da tumbinsa. Rabonsa da keke tun yana saurayi. Yana tafe yana haki, yana leƙa kowane kwalbati ko ta faɗa ciki.

A wani gidan mai ya same ta, ta kafa baki a famfo.

"Kawu, ina Mama?"

"Lafiyarta ƙalau. Ungo, ki wuce."

Ta karɓi gorunan ta ci gaba ita kaɗai. Shi kuwa ya zube a ƙasa, yana duban hanya. Har yanzu motar ba ta ɓullo ba.