Littafin Sojan Pande

Babana Mitre labari ɗaya gare shi a duniya, kuma sau ɗaya yake ba da shi a shekara, ranar Mitrovden, ranar waliyyin da ya ci sunansa. Ba a gayyatar kowa wannan rana. Ƙofa kawai ake bari a buɗe, duk wanda ya tuna da kai ya shigo ya ci ya sha. In ciki ya ɗauka sai wani ya ce, "To, Baba Mitre, Pande fa?" Shi kuma ya ɗan ja aji, ya gyara zama, ya fara.

Pande mahaifinsa ne. Lokacin babban yaƙi, da sojojin Bulgeriya suka riƙe ƙasarmu, sun kwashe samarin ƙauyen nan, suka aske musu kai, suka ɗauke su hoto, suka miƙa wa kowa ɗan littafin soja da aka rubuta a ciki cewa shi ɗan Bulgeriya ne. Pande ya yi wata biyar yana gadin wata gada. Rannan ya shige ƙarƙashin lodin ganyen taba a cikin amalanke, ya sulale. Kwana goma sha ɗaya yana tafiyar ƙasa har ya hau dutsen Belasitsa, ya haɗu da masu yaƙin sari-ka-noƙe. Sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa biyu. A nan Baba yakan ɗaga yatsu biyu, duk ɗakin a ɗaga tare da shi. Ni na haddace labarin har wurin da yake yin tari.

Littafin kuwa Pande bai yar ba, don hoton da ke ciki shi kaɗai aka taɓa ɗaukarsa. Ya rasu Baba yana ɗan shekara tara. Littafin yana cikin gwangwanin alewa a saman kabad, a naɗe cikin hankici. In Baba zai nuna wa baƙi hoton, yakan ɗora babban yatsansa a kan layin da aka rubuta ƙabila, ya danne.

Ni ce 'yarsa, Slavka. Mijina ya rasu, na dawo gida da 'yata ɗaya, Temyana, ta girma a hannun kakanta. Ta karanta aikin jinya. Su ashirin da shida ne a ajinsu, huɗu suka rage a ƙasar. Wani gidan kula da tsofaffi a Jamus ya ce zai ɗauke ta gobe-gobe in tana da fasfon Tarayyar Turai, in babu kuwa ta bi layin biza, layin da wasu suka tsufa a kansa. Fasfon kuma ga shi nan kusa, iyakar Bulgeriya tafiyar minti ashirin ce a mota. Bulgeriya tana cikin Tarayyar, kuma tana ba duk wanda ya kawo takardar da ta nuna kakansa nata ne, ya tsaya gabansu ya faɗa da bakinsa cewa shi ma nata ne. Takarda irin wannan guda ɗaya ce a gidanmu, tana saman kabad.

"Ki jira," Baba yake ce mata. "Mu ma mun kusa shiga Tarayyar. Ta ƙofar gaba za mu shiga, da sunanmu."

Shekara goma sha shida yana wannan magana. Da Girka ta ce ba ma shiga sai mun canza sunan ƙasa, ya yi mako guda ba ya cin abinci, sannan ya sa kwat ɗinsa ya je ya jefa ƙuri'ar amincewa. Ya ce don yaran nan. Aka canza suna, muka gyara riga za mu shiga, sai Bulgeriya ta tare ƙofa. Ta ce a dakata, sai an zauna an duba tarihinmu da harshenmu a ga ko namu ne ko nata. Ranar da aka faɗi haka a talabijin, Baba ya miƙe ya kashe ta ya fita gona, alhali babu abin yi a gonar.

Abin ya zo kai ranar da muke dafa ayvar. Duk kaka sai mun yi, kamar kowane gida: buhunan jan tattasai, a gasa a kan murhun ƙarfe a tsakar gida, a ɓare, a niƙa, a yi ta tuƙi a tukunya har hannu ya mutu. Baba ke kula da wuta, ni da Temyana muna ɓara, yatsunmu baƙi ƙirin. Sai ga Kole maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga. Kole ya karɓi nasa fasfon tun tuni, har motarsa lambar can ce, kuma shi ke yi wa rabin ƙauye hanyar takardu.

"Baba Mitre, sannu da wuta. Har yanzu ana jiran a buɗe ƙofar gaban?"

"Sannu, baƙo. Yaushe ka shigo ƙasarmu? Ka nuna biza a bakin katanga?"

Kole ya yi dariya, ya zagayo ya zauna ya ɗauki tattasai yana ɓarewa. "Wallahi Baba takarda ce kawai. Ni da na karɓa me ya canza a jikina? Ga ni nan, hancina iri ɗaya, matata ba ta fasa zagina ba."

"Ai matarka ce kaɗai ta san asalinka."

"Akwai gurbi a ofishinsu na Sofiya, wani ya fasa. In Temyana ba ta shiga ba, sai kuma baɗi ko baɗin baɗaɗa."

Temyana ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kaka, shekarata ashirin da bakwai."

"To, na ce ki tsufa ne? Ja'ira, ki jira."

"Ina 'yar sha ɗaya ka fara cewa in jira."

Baba ya ajiye ƙarfen tonon wuta, ya shiga ɗaki. Ya fito da gwangwanin a hannu, ya buɗe, ya warware hankicin. Sannan ya sa ƙafa ya buɗe bakin murhu. Garwashi ja wur. Na san shi, in ya ƙudura abu babu mai tare shi.

Na ce, "Baba, in ka ƙona, ba zama za ta yi ba. Tafiya za ta yi babu takarda, ta riƙa wanke tsofaffin Jamus a ɓoye, tana tsoron duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. In aka kama ta a koro ta, in ba a kama ta ba kuma ba ta isa ta zo jana'izarka ba."

Na faɗa da zafi, kuma har yau ina jin ciwon yadda na faɗa. Ya daɗe tsaye yana kallon hoton. Tattasan da ke kan murhu suka ƙone, hayaƙi ya turnuƙe, babu wanda ya motsa. Can ya mayar da bakin murhun ya rufe, ya goge hannunsa a wando, ya miƙa wa Temyana littafin. Bai ɗora yatsa a kan layin ba.

"Riƙe da hankicin, hannunki duk baƙi."

Kole ya yi gyaran murya. "Abu ɗaya, Baba. In sun tambaye ta mai littafin, kada ta kawo zancen amalanke. Soja ne, ya yi aikinsa, aka sallame shi. In suka ji gudu ya yi ya ɗauki bindiga a kansu, ban san me za su ce ba."

"Na ji," in ji Baba. "Tashi ka juya tattasan nan, kai ka sa suka ƙone."

Na ɗauka daga nan zai daina yi mana magana. Ashe ban san ubana ba. Washegari da hantsi ya jawo tebur ƙarƙashin inabi, ya sa tabarau, ya zaunar da Temyana a gabansa. Ya ce tunda za a yi, a yi shi da kyau, tattaɓa-kunnen Pande ba za ta je ta yi inda-inda gaban ɗan ofis ba. Shi ne ɗan ofis ɗin.

"Malama, wane ne wannan a hoto?"

"Kakan mahaifiyata ne, Pande."

"Me ya yi a yaƙi?"

"Ya yi gadin gada."

"Sai kuma?"

Ta sunkuyar da kai. Ya buga tebur. "Sai kuma?"

"Aka sallame shi, ya dawo gida."

"Ke kuma wace ce?"

Ta buɗe baki, hawaye ya riga maganar fitowa. "Kaka, don Allah."

"Babu kaka a nan. Ɗago kanki. Wace ce ke?"

Ta faɗa, a hankali. Ya ce bai ji ba, shi tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi. Ta sake faɗa. Sau biyar ya sa ta maimaita har muryarta ta daina rawa. Ina ɗakin girki ina cika kwalabe da ayvar, ina jin ubana yana koya wa 'yata ta ce ita 'yar Bulgeriya ce, yana gyara mata lafazi. Kwalba ɗaya na cika ta har tana zuba ban sani ba. Kullum da hantsi haka suka yi, mako biyar.

Ranar da aka ba ta a ofishin Sofiya ta faɗo daidai kan Mitrovden. Su can kalandar cocinsu daban, sun riga sun yi nasu kwana goma sha uku da suka wuce, don haka a wajensu ranar aiki ce kamar kowace. Ƙarfe sha ɗaya aka ce ta je. Ta tafi da sassafe a motar Kole, littafin yana cikin jakarta. Baba ya raka ta bakin ƙofa ya gyara mata wuyan riga.

"Kada ki ba ni kunya, mummuna."

"Ka ajiye mini nama, tsoho."

Na buɗe ƙofar gida na tokare ta da dutse kamar kowace shekara. Mutane suka fara shigowa bayan coci, galibi tsofaffi, don samarin suna Jamus da Italiya. Na jera wake da gasasshen nama da sabon ayvar. Aka ci, aka sha, aka yi wa Baba fatan shekaru masu yawa. Shi kuwa ido na kan agogon bango. Da sha ɗaya ta gota, Dafina, tsohuwar da suka yi makaranta tare, ta ture faranti ta ce, "To, Mitre, Pande fa? Ko sai mun roƙe ka kamar kullum?"

Bai ja aji ba. Ya gyara zama ya fara. Ya faɗi yadda sojoji suka zo, yadda aka aske kawuna, aka ɗauki hoto, aka raba littafi. Ya faɗi gadar da wata biyar ɗin. Ya yi tari daidai inda yake yi. Sai ya tsaya a nan.

"Sai amalanken taba," in ji Dafina. Har ta ɗaga yatsunta biyu tana jira.

"Babu amalanke," in ji Baba. "Ya yi gadinsa, aka sallame shi, ya dawo gida."

Wani ya yi dariya, ya ga babu mai taya shi, ya haɗiye. Dafina ta ce, "Kai Mitre, giyar ce ta fara aiki? Shekara nawa muna jin labarin nan?"

"Yarinyar tana can yanzu tana faɗa musu haka, da hannunta a kan littafin. Ni na koya mata. Ba zan zauna a gidana ina ƙaryata ta ba."

Dafina ta sauke yatsunta a hankali ta ɓoye hannun ƙarƙashin tebur. Babu wanda ya tambayi hoton. Aka koma zancen farashin tattasai, zancen ma ya ƙi tafiya, mutane suka fara neman huluna ɗaya bayan ɗaya tun rana ba ta yi tsaka sosai ba.

Wajen ƙarfe ɗaya wayata ta yi ƙara. Temyana ce. Ta ce sun karɓi takardun, matar da ta yi mata tambayoyi ma tana da kirki, har ta ce Pande kyakkyawa ne. Littafin zai zauna a wajensu tare da fayil. Ta ce, "Mama, ki gaya wa Kaka muryata ba ta yi rawa ba." Daga nan ta kasa ci gaba, na ji Kole yana cewa ta kawo wayar.

Na je na gaya masa kamar yadda ta ce. Yana zaune shi kaɗai a bakin dogon teburin, gwangwanin alewa a gabansa babu komai a ciki.

"Madalla," ya ce. "Na san za ta iya."

Ya mayar da murfin gwangwanin ya danna. Sannan ya dubi ƙofar da ba a taɓa rufewa ba ranar Mitrovden tun ina yarinya, ya ce, "Slavka, cire dutsen nan ki tura ƙofar. Ba ni da abin da zan ba wanda zai shigo."