Gungumen da Ya Tsaya a Kife

Sai da rana ta take tsaka, a ranar farko ta gasar sassaƙa ta garinmu, na gane cewa na tsayar da gungumena a kife.

Na kashe zarton inji ne don in ƙara mai. Ina share garin katako daga fuskata, idona ya faɗa kan gurbin rassan da suka rage a jikin ɓawo. Reshe sama yake nufa. Waɗannan kuwa duk ƙasa suke kallo. Gungumen miƙaƙƙe ne sambal, kai da gindi kusan kauri ɗaya, ni kuma da safe ɗoki ya rufe mini ido. A duwatsunmu kowa ya san ba a kai itace gida gindi a sama. Tsofaffi na cewa kuka yake yi, ya hana masu gida zaman lafiya.

Ga shi ba gungumen banza ba ne. Itacen sugi ne da kakan Rentaro, saurayina, ya dasa, marigayi mahaifinsa ya rene shi. Mahaifiyarsa Fumie, wadda har zuwa ranar ba ta taɓa kiran sunana ba, ita ta sa aka sare shi. Ta ce abin da na sassaƙa shi zai tsaya a ƙofar masaukin baƙinta ranar aurenmu. Babu na biyu.

Na riga na fitar da jikin tsuntsu mai tashi sama, fukafukai a maƙale da jiki. Dunƙulen da ke saman baki kawai ban taɓa ba, na bar shi don gajimare. Na karanta labaran masoya da yawa, teku ta raba wasu, yaƙi ya raba wasu. Ban taɓa cin karo da waɗanda gungume ya raba ba.

Rentaro ya matso bakin igiyar da ta tare 'yan kallo, riƙe da gasasshen curin shinkafa a tsinke.

"Chisato, lafiya? Kin yi fari kamar awara."

"Na kashe mu. A kife yake."

Ya duba. "Ki feƙe ɓawon duka. Idon Mama ya yi rauni."

"Matar mai saran itace? Da hanci ma za ta gane."

Baba Gonda, tsohon da ke sassaƙa mujiya kusa da ni, ya ɗaga abin toshe kunnensa.

"'Yar nan, tun safe nake jira in ga yaushe za ki farga."

"Baba, ka gani ka yi shiru?"

"Gasa muka zo, ba makaranta ba."

Hawaye suka cika mini tabarau. Can cikin rumfa ina hango Fumie zaune, lema a cinya, ko motsi ba ta yi.

Ana haka wata shirwa ta faɗo daga sama, kai a ƙasa, fukafukai a naɗe, ta sure curin shinkafar daga hannun Rentaro. Ya tsaya yana kallon tsinke. Jama'a suka kwashe da dariya. Ni kuwa na juya na kalli tsuntsuna, na karkatar da kai har wuyana ya yi ƙara.

Na ruga wurin alƙalai. Suka ce babu dokar da ta hana juya gungume, amma agogo ba zai jira ni ba. Motar ɗaga kaya ta zo ta juya shi, tsuntsuna mai tashi ya zama shirwa mai faɗowa. Gajimarena ya koma ƙasa, na mai da shi ruwan kogi. Tsohon gindin, wanda yanzu ya koma sama, na yanke shi, na fitar da wutsiya mai baki biyu. Na yi ta aiki har washegari da yamma.

Mujiyar Baba Gonda ce ta ci gasar. Wallahi ko a jikina.

Da jama'a suka ragu, Fumie ta taso. Ta zagaya shirwar a hankali, ta durƙusa, ta shafa gurbin reshe ɗaya da na bari a cikin ruwan. Sama yake kallo.

"Jiya da safe a kife yake," in ji ta.

"Haka ne, Mama."

"Daga rumfa na gani. Na ce in kika gama shi a haka, da shi zan dafa wa baƙi ruwan wanka." Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. "Shirwa mai sura. To, ya dace. Ɗa guda gare ni, ga shi an sure."

"Mama, ni fa ba ɗan tsako ba ne," in ji Rentaro.

"Yi mini shiru, wanda aka ƙwace wa abinci a hannu. Je ka kawo mota." Ta ciro ƙyalle daga jakarta ta miƙo mini. "Chisato, goge fuskarki. Garin katako da hawaye sun zama kunu."

Na zauna daɓas a kan tsohon gindin da na yanke, ina dariya cikin ƙyallen, ƙamshin sugi ya cika mini hanci.