Saƙon da Yaya ta ba Kabewa

Ni ce 'yar fari a wajen mahaifiyata, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Muhsinat aka raɗa mini, amma a wajenta ni "ke" ce. In tana ba wani labarina kuwa sai ta ce "'yar Inna", wato kakata da ta yaye ni ta riƙe ni. Ni ma ban taɓa ce mata Umma kamar ƙannena ba, Yaya nake ce mata. Haka muka taso muka tarar a gidanmu na Fagge: ana kunyar ɗan fari, ba a kiran sunansa, ba a jan sa a jiki, ba a nuna an damu da shi. Na san al'ada ce. Da bakina na sha yi wa abokan aikina 'yan Filifin bayaninta ina dariya, amma sanin bai taɓa hana abin yi mini ciwo ba.

A Dubai muke zaune. A wata makarantar renon yara nake aiki a unguwar Al Qusais, mijina Mubashir kuma yana ofishin kago, masu aika kaya, a Deira. Bara, cikin Satumba, cikina na fari ya zube yana wata biyar. Na yi ɗan hutun da aka ba ni na koma aiki. Yara ba sa son fuskar shanu, iyayensu ma ba ita suke so su gani a bakin ƙofa ba, sai na koyi ɗaura murmushi da safe kamar yadda nake ɗaura ɗankwali. Kowa ya ce na yi tawakkali. Har Mubashir ya yarda na warke, ni kuma na bar shi a haka don shi ma yana da nasa ciwon.

Ƙarshen Oktoba, da zafin garin ya fara sassautawa, sai ga Yaya ta zo sarin abayoyi da turare, ta sauka a wajenmu. Wallahi na sa rai. Na ce ko ba komai wannan karon za ta zaunar da ni, ta dafa ni, ta faɗi wani abu. Da muka gaisa sai ta ce ya haƙuri, Allah ya kawo rayayye, na ce amin. Daga nan ta tambayi inda za ta jera kwalayenta, ta kuma ce miyata gishiri ya yi mata yawa. Shi ke nan ta'aziyyar. Kullum da safe ta ɗauki jaka ta nufi kasuwar Al Sabkha, ta dawo da yamma tana mitar ƙafa da wayon masu shaguna. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ƙudurta cewa in har ta koma Kano a haka, na daina jiran komai daga gare ta, zan riƙa yi mata hidima kamar kowace baƙuwa, zuciyata kuma in rufe ta.

Ana gobe za ta tafi ranar Halowin ta faɗo. Bikin Turawa ne, yara su yi shigar dodanni da mayu da dabbobi, a raba musu alawa. Ni dai tashe yake tuna mini, sai dai tashen da ba ganga ba azumi. Ba bikinmu ba ne, kuma duk shekara rabon alawa nake karɓa in tsaya gefe. Makarantarmu tana da wata ƙatuwar rigar kabewa ta soso, wadda mutum ke shigewa ciki har kansa, ƙafafu kawai a waje, da 'yar raga a gaba ta gani. Direban motar yara ne ke sa ta, sai ya tafi ganin gida. Shugabarmu, wata 'yar Indiya mai kirki, tana cikin neman wanda zai taimaka na ɗaga hannu. Ta yi mamaki, ta yi ta godiya. Ba ta san lissafina ba: a cikin kabewa ba wanda zai nemi in yi masa murmushi.

Kabewar tana da nata murmushin da aka ɗinka mata, daga wannan gefe zuwa wancan. Na shiga, aka ja zif, na fito farfajiya yara suka ɗau ihu. Abin da a gida ake yanka wa miyar taushe, ga shi yau yana rawa da hijabi a ciki. Na yi ta juyi ina ɗaga musu hannu. Can wata 'yar mitsitsiyar yarinya da aka yi wa shigar zomo ta zo ta rungume gwiwata ta ƙi saki. Nan abin da na danne tun Satumba ya ɓalle. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ko a asibiti, kafaɗuna suna rawa, yara kuwa suka ɗauka sabon salo ne suka shiga kwaikwayona.

Ta cikin ragar na hango Yaya a bakin ƙofa, da mayafinta ruwan toka da manyan ledoji biyu. Ashe ta gama da wuri, Mubashir ya ce ta hau jirgin ƙasa na metro ta zo ta karɓi makulli a wajena. Shugaba ta ba ta kujera, ta yi mata alama da hannu cewa ta ɗan jira. Yaya ba ta zauna ba. Ta bi malamai da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ta gan ni ba, sai idonta ya sauka a ƙafafun kabewa. Ina da wata ɗabi'a tun ina ƙarama, in na rasa yadda zan yi sai in sosa ƙwaurin hagu da ƙafar dama. Ita nake yi a lokacin. Na sauke ƙafar da sauri, amma ta riga ta gani.

Ta ajiye ledojin ta taho, ta ratsa mayu da zomaye ta tsaya a gabana. Ba ta kalli ragar ba, haƙoran kabewar ta kalla.

"Sannu kabewa," in ji ta. "Ke ma neman abinci ne ya kawo ki Dubai?"

Hancina ya toshe, na kuma san tana jin shessheƙata.

"Tunda ke ba mutum ba ce, bari in ba ki saƙo. Akwai wata yarinya a nan, Muhsinat."

Haka ta faɗe shi, a hankali, kamar mai taka wurin da ba ta saba ba. Shekarata ashirin da bakwai ban san yadda yake fita a muryarta ba.

"Ki ce wa Muhsinat ranar da aka bugo mini waya, kasa tashi na yi daga kan sallaya. Ki ce mata shagona cike yake, ba kaya ne suka kawo ni ba, zuwa Sabkhar nan duk don kar in zauna ina kallonta ne in kasa riƙe kaina. Kafin in same ta ni ma na yi ɓari, ba wanda ya ce mini in yi kuka. Ita ta yi. Ta yi har ya ishe ta, ba rashin tawakkali ba ne."

Sai ta buɗe hannuwa ta rungume kabewar. Hannunta bai ko kai rabi ba, ta dai matse iya ƙarfinta har soson ya lotsa ya taɓa ni, na ji ƙamshin turarenta ta cikin raga. Iyayen yara suka ga tsohuwa ta rungume kabewa, abin ya ba su dariya, suka ɗaga wayoyi. Ba ta kula su ba. Ta daɗe a haka, ni kuma ina ciki ina cika umarni.

Da ta sake ni ta goge ido da bakin mayafi ta gyara murya.

"Yalla, khalas, shi ke nan. Ki ce mata ta kawo makullin flat, ƙafata ciwo take."

Na shiga ɗakin malamai aka zuge mini zif, na wanke fuska na fito da idanu jajur. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, kin shanya ni a rana." Na ce ta yi haƙuri. Na ɗauki leda ɗaya ta ɗauki ɗaya. Washegari a filin jirgi ma "ke" ɗin ce, Allah ya yi albarka, a rage gishiri.

Ban rufe zuciyar ba. Ranar da ta tafi na zauna na gaya wa Mubashir gaskiyar halin da nake ciki, ashe shi ma jira yake wani ya fara. Na gode wa Allah, na gode wa direban da ya tafi ganin gida, har bikin nan da ba namu ba ina jin nauyinsa, don shi ya ara mana abin da za mu fake a bayansa. Shugaba ta turo mini hoton, yana kan wayata. Duk wanda ya gani dariya yake yi, ni kuma ba na yin bayani.

Ban sake jin sunana a bakin Yaya ba, ban kuma nema ba. Amma yanzu in ta kira, bayan ta gama labarin kasuwa da na ƙannena, har ta yi kamar za ta kashe, sai ta ce, "Ya kabewar nan taku? Tana dai cin abinci ko?"

Sai in ce, "Tana ci, Yaya. Tana gaishe ki."